Waƙoƙin Baba Istifanus da Rabuwata da Giya

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Waɗanda sunka daɗe a wagga taruwa sun san ni. Sabbin zuwa kuwa, ni ne Bitrus mai ba da waƙa ran Lahadi, wanda a bariki anka sani da Audu Begila. Wasunku sun tambaye ni inda munka samo waƙoƙin da muke yi da Hausa. Ba ni iya ba ku labarinsu sai na haɗa da abin kunyata, don haka yau zan faɗi duka.

Ni Badakkare ne daga ƙasar Zuru. Na shiga soja ina saurayi, anka kawo mu nan Sakkwato, anka ba ni begila saboda in na ji busa sau ɗaya na riƙe ta. A gida ana shan burkutu lokacin gayya da biki. A bariki na mai da shi abin kullum, bayan munka dawo daga yaƙin Kamaru kuma abin ya ƙaru. Wata safiya na busa kiran cin abinci a maimakon kiran fareti. Sau biyu ana kulle ni, a na uku anka sallame ni. Matata Ladi ta yi haƙuri damina biyu, sannan ta goya 'yarmu ta koma gida. Ban ga laifinta ba.

Na koma ga-ruwa. Abin da na samu da safe, kafin la'asar ya shiga ƙwaryar mai giya.

Cikin waɗanda nake kai wa ruwa akwai wani tsohon kafinta, Baba Istifanus. Kullum sai in tarar shina buga guduma a hankali bisa katako, ba ƙusa, shina wani gunaguni a maƙoshi. Rannan ina juye ruwa a randa, sai na kama abin da yake bugawa na yi shi da fito, ban ma san na yi ba. Ya ajiye gudumar ya ce, "Kai mai ruwa, sake yi in ji." Na sake. Ya daɗe shina kallona, sannan ya ce in zauna mu ci tuwo.

Daga baya ya ba ni labarinsa. Yamma da nan anka haife shi, wajen gulbin Kabi. Shina ƙarami anka kama shi, anka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Lakwaja, inda anka 'yanta shi. Can ya koyi aikin katako, can ya ba da gaskiya. Da ya tsufa ya dawo neman ƙauyensu, bai tarar da komai ba sai kukoki da tsohuwar rijiya, sai ya zauna Sakkwato shina yin ƙofofi da akwatuna.

Lokacin nan a zauren wani akawu ake sujada, ana waƙa da Turanci da Yarabanci. Matan sojoji da kuku-kuku, masu dafa wa Turawa abinci, ba su jin ko ɗaya, sai su yi zaune shiru har a tashi. Wanga abu ya dami Baba, ya fara tsara waƙoƙi da Hausa. Sai dai wani ciwon maƙoshi ya daɗe da cinye mishi murya, idonsa kuma ya yi rauni. Waƙoƙin na cikin kansa, ba mai rera su.

Na ga yadda yake aiki. Yakan ɗauki aya ɗaya daga Zabura ya yi mako shina jujjuya ta shina zarto. In kalma ba ta hau muryar waƙar daidai ba, sai ya yar da ita ko da tana da daɗi. In ya gama baiti sai ya karanta wa mai furar da ke wucewa. In ta ce ba ta gane ba, ya sake shi. Ni kuwa shi buga, ni rera, har na haddace su duka. Gaskiya tuwon ne ke kai ni, kuma ya sani. Shina jin warin bakina, bai taɓa ce mini komai ba.

Da Idin Tashi daga Matattu ya matso, ya tsara sabuwar waƙa, ya roƙi akawu a bar ni in ba da ita. Ran Lahadin, tsoro ya kama ni, na ce bari in sha ƙwarya ɗaya in sami ƙarfin hali. Ban tsaya ga ɗaya ba. Na iso an ci rabin sujada, na fara baitin farko, sai bakina ya zame cikin wata waƙar batsa ta bariki, a gaban mata. Na faɗi bisa benci, anka ja ni waje. An gaya mini Baba ya miƙe ya gwada rera ta da kansa, ba wanda ya ji abin da yake faɗi, ya koma ya zauna.

Ran Litinin da safe na je da niyyar in juye ruwa in tafi, kada in sake komawa. Baba ya tare ni a bakin rumfarsa.

Ya ce, "Audu, jiya na yi fushi ƙwarai. Waƙoƙina duka suna cikin kanka, in giya ta kashe ka sun tafi. Amma ba su ne sunka hana ni cin abinci ba. Kai ne."

Na ce, "Baba, na sha gwada bari. Ba ni iyawa."

Ya ce, "Na sani. To, faɗa wa wanda ke iyawa."

Munka durƙusa nan cikin garin katako. Ban iya addu'a ba, sai na ɗauko kalmomin wata waƙarsa na faɗe su ba rerawa: "Yesu, ga ni, ƙarfina ya ƙare, riƙe ni kada in koma." Sau nawa na rera su, amma ran nan ne na fara nufinsu. Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Kuka dai na yi, na tashi.

Baba ya ce in zauna rumfarsa. Bazara ce, ga zafi, amma jikina na kyarma kamar mai masassara, ina amai, ina zufa. Maƙwabcinsa Malam Buba mai hatsi, Musulmi ne, kullum da safe sai ya aiko da kunu, bai tambayi komai ba. A rana ta takwas na ci tuwo ya zauna. Tun daga nan giya ba ta sake shiga bakina ba. Yabo ga Ubangiji!

Na tsaya gaban jama'a na roƙi gafara, sunka yafe mini. Bayan shekara anka yi mini baftisma. Na je ƙasarmu neman Ladi, na tarar ta yi aure, 'yarmu kuma ba ta gane ni ba. Allah ya gafarta mini, amma ba duk abin da na ɓata ne ya dawo ba. Ina faɗa muku ne don kada wani ya ce sai gobe zai bari.

Bara da damina Baba ya kwanta. Akwai waƙar da ya fara, baiti biyu kawai ya samu. Ya buga mini muryarta da yatsa bisa gefen gado, ya ce in ƙarasa. Na ce ni mai rerawa ne, ban taɓa tsarawa ba. Ya ce shi ma kafinta ne. Bayan kwana uku ya rasu, ni na haɗa akwatinsa da katakon da ya bari.

Wata biyar na yi ina fama da waƙar nan. Na karanta wa mai fura, sau biyu tana cewa ba ta gane ba. Makon jiya ta ce ta gane, waƙar ce za mu yi in na zauna.

Na gode wa Allah da ya tsamo ni. In akwai wanda ke zaune nan da irin ciwona, kada ya jira sai ya gyaru kafin ya zo. Ya dogara ga Yesu yadda yake, ya faɗa mishi gaskiya. In kuma kunya ta hana shi zama gaba, akwai wuri kusa da ni a bencin baya. Ubangiji shi riƙe mu duka. Amin.