Turaren Fumie

A ɗakin jiran likitan hanci a garin Yoshino na yi kamar ina gyangyaɗi, alhali kunnena na kan wani tsoho da wata mata.

"Baba, atishawar nan taka sai ta tashi unguwa. Ƙurar furen itatuwa ce?"

"An gwada jinina, 'yata, ba ita ba ce. Wai hayaƙin turaren da nake kunna wa marigayiya matata Fumie ne. Likita ya ce in bari."

"To ka sayi na lantarki mana, ba ya hayaƙi."

"Ba ya ƙamshi kuma. Kin dai san a al'adarmu ƙamshin turare ne abincin mamaci. Tunda na auro ta ban taɓa kwana da yunwa ba. Yanzu in hana ta ci saboda majina?"