Mai Ba da Waƙa a Tashar Gummi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

A tashar Gummi, Hamsatu mai fura ta dubi wata mata da ta daɗe zaune a benci. Rifkatu ce, shugabar zumuntar mata ta coci.

"Baiwar Allah, motoci na ta tashi ba ki shiga ba. Ina zuwa?"

"Zuru. Cocin da ba a san ni ba nika nema."

"Naku na nan rushewa ya yi?"

"Yana nan. Amma ni ka ba da waƙa, ni ka dafa ma baƙi, ni ka zaman makoki. Fasto na wa'azi, ina baya ina hura wuta. Na mance rabona da in zauna in yi addu'a."

"To, ai lada kika tarawa."

"Ɗiyata ta rasu watan jiya. Bakin kabari mata suka yi tsit suna kallona, don in ban ɗauko waƙa ba, ba mai amsawa. Na ɗauko. Har yau ban yi kuka ba."

"Wayyo! Allah shi ba ki haƙuri. To mi ya hana ki shiga mota?"

"Gobe akwai aure. Wa za shi riƙe masu waƙa?"

Hamsatu ta ajiye ludayi. "Ni dai ban san ki ba, Inna. Yi abinki nan."

Rifkatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kuka har la'asar.

Motar Zuru ta tafi ba ita. Hamsatu ta sayar da furarta, Rifkatu ta koma gida, washegari aka ɗaura aure da muryarta.