Tabarmar Memounatou da Zomayen da Ta Bari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Djibril, limaminmu da malamanmu, likitan dabbobi da ya bar aikinsa ya zo, iyayenmu mata, 'yan ƙungiyar masu kiwon zomo na Komah, da baƙinmu na Langabou da Mango, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka ba tsohon direba irina, Mumuni, damar tsayawa gabanku. Ni ba masani ba ne. Abin da zan faɗa, asara ce ta koya mini shi.

Da yawanku kun san mai ɗakina, marigayiya Memounatou. Shekara talatin ina jan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin nan Sokodé da Dapaong, kuma a Dapaong ɗin na auro ta. Da 'ya'ya suka watse, sai ta kawo zomaye huɗu daga gidansu, ba don yanka ba, ba don sayarwa ba, don dai gidan ya daina shiru. Kullum da hantsi takan shimfiɗa wata tsohuwar tabarma a inuwar mangwaro, ta baza ganyen da ta yanko, ta bar shi ya sha iska kafin ta ba su. Ni kuwa ina mata tsiya: "Ke Memouna, zomo kike ciyarwa ko kuɓewa kike shanyawa?" Sai ta ce, "Kai dai ja motarka, Malam."

Bara da damina Allah ya karɓi abarsa. Zomayen nan su ne abin da ta bari mai numfashi a gidan. Na ce wallahi ba za su yi maraici ba. Na riƙe su yadda muke riƙon baƙo a zango: abin da na ci, su ci. Burodi da safe, sauran tuwo da rana, ɓawon rogo, ga ciyawa ɗanya sharaf da raɓa, a cika musu har ta yi tozo. Tabarmar kuwa na naɗe ta na jingine, don ba na iya kallonta. Cikin mako uku, uku suka kumbura suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Saura mace guda, wadda take kira Gajera, ita ma ta daina ci.

Ana cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. To ni ban ci ba, amma na sha gudu har Dapaong, wurin yayarta Barakatu. Na ce, "Yaya, ki taimake ni, kada in rasa ta ƙarshe." Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Ina tabarmar?" Na ce na naɗe ta na jingine. Ta ce, "Haba Mumuni! Shekara nawa tana yi a gabanka? Mu nan ƙasarmu busasshiya ce. Ku can ruwa ya yi muku yawa, ciyawarku jiƙe take. Ita ta lura da haka, shi ya sa take shanyawa." Na zauna a tsakar gidan da na fara ganin matata, na yi kuka kamar yaro, ban ji kunya ba.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Ga abin da na ɗauko daga bakin Yaya Barakatu, likita kuma yana nan, in na yi kuskure ya gyara mini.

Na farko, busasshiyar ciyawa ita ce tuwon zomo. Kada ta yanke masa dare da rana, domin ita ke gyara masa ciki, ita ke rage masa haƙori, tunda haƙorinsa ba ya daina tsiro. Harawar gyada da ta wake, a riƙa haɗa masa da ita.

Na biyu, ɗanyen ganye miya ne, ba tuwo ba. A bar shi ya sha iska, a ba shi kaɗan, in kuma sabon ganye ne da bai saba da shi ba, a fara da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Kada a yanko a bakin titi, kada a yanko a gefen gonar da aka yi wa feshi.

Na uku, kuma a nan nake roƙonku: abin da ke faranta wa ɗan Adam ba shi ke raya zomo ba. Burodi, tuwo, sukari, albasa, ɗanyen ɓawon rogo, ku raba shi da su. Dusa ma sai ɗan kaɗan. Ni da hannuna, da ƙaunata, na kashe uku.

Sai ruwa. Wai zomo ba ya shan ruwa! Wa ya faɗa? Na ji wannan magana a tasha, na ji ta a mahauta, kuma ƙarya ce. A sa masa mai tsabta kullum.

Da na dawo, na kai Gajera wurin likita, sannan na warware tabarmar nan na shimfiɗa ta inda take shimfiɗawa. Gajera ta warke. Wani maƙwabci ya ara mini namiji, kuma ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, na leƙa akurki na tarar da 'ya'ya biyar. Wallahi ban san lokacin da na juya wajen madafa na ce, "Memouna, zo ki gani!" ba. Ina kewarta, jama'a, ina kewarta ƙwarai. Da a ce na tambaye ta sau ɗaya maimakon in yi mata dariya, da daga bakinta na ji wannan karatu. Duk wanda ke da mai yi masa irin wannan ƙaramin aiki a gida, in ya koma yau, ya zauna kusa da ita ya tambaye ta dalili.

Allah ya jiƙan Memounatou da dukkan magabatanmu, ya haskaka makwancinsu. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu tausayin abin da ba ya iya magana. Baƙinmu kuma, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Na gode.