Littafin da Yayana Soja Ya Fiddo Cikin Kwalekwale

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Daga ƙasar Yauri nake, ina roƙo a sakaya sunana.

Abin da zan faɗa ko Inna ba ta sani ba. Yayana kofur ne a soja, amma bai yi boko ba. Da ya zo hutu ya ce in raka shi duba taru. Sai da muka yi nisa cikin ruwa ya fiddo wani littafi. Ya ce an kawo musu sababbin na'urorin magana, za a yi jarrabawa, wanda ya faɗi a sallame shi.

"Karanta mini, malama. Kika faɗa a gida, kifaye su yi kalaci da ke."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Turancin ya fi ƙarfina, iyakata aji shida.

Na san dole soja su tafi da zamani. Amma wanda ya daɗe yana aiki, ba a koya masa kafin a gwada shi? Masu sauraro, ku ba mu shawara.

Saura kwana tara hutunsa ya ƙare. Na ajiye tallar kifi. Gobe da hantsi zan shiga kwalekwalen da littafina na aji ɗaya, daga nan za mu fara.