Baitin Ƙarshe na Waƙar Nuala

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Ennis, wani mai kwat irin ta mawaƙan gidan rawa yana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Wani tsoho mai suna Malachy Hehir ya ninke jaridarsa.

"Saurayi, wa ya ba ka wannan waƙar?"

"A rediyo na ji ta, baba. Wata tsohuwa ce aka naɗo muryarta a ƙauye. Duk Asabar nake yin ta, mutane na rawa."

"Rawa? Waƙar makoki ce. Kuma a garinmu ba a rera waƙar mamaci sai ya shekara a kabari. Nuala, wadda ka ji muryarta, watanta bakwai da rasuwa."

"Matarka ce? Allah ya ba ka haƙuri, ban sani ba."

"Ina za ka sani? Kana yin ta kamar ana korar ka, ka kuma yanke baitin ƙarshe."

"Ba ni na yanke ba, faifan ne ya ƙare a nan. Na tambaya ko'ina, ba wanda ya san shi." Ya ciro fensir. "Kai kaɗai ka rage ke nan. Faɗa mini, kada ya bi ta kabari."

Malachy ya buɗe baki, ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Shekara arba'in tana rera baitin a wurin wanki, shi kuma yana ce mata ta rage murya, karatu yake yi.

"Ina jin ka, baba."

"Ga jirginka can ya iso," in ji Malachy.

Mutumin ya leƙa ta taga. Babu komai a kan dogon sai ruwan sama.