Kokon Yusufa ba yaji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rabi mai koko daga Zongon Lome.

Ɗana Yusufa yana karɓar maganin ciwon daji da ake kira chimio, bakinsa duk ya yi gyambo. Kokon da nake sayar wa unguwa ya kurɓa, citta da barkono suka sa shi ihu. Maƙwabta suka ce in goga masa lemun tsami da kanwa. A kan gyambo? Na ƙi, na tambayi likita. Ta ce in cire yaji, koko ya huce, in riƙa shafa masa zuma mai tsabta. Jiya ya sha kaɗan, ya ce, "Mama, ba daɗi, amma ƙara mini."

Iyaye mata da kuka ga wannan jarabawa, me kuka ciyar da naku? Ku sa Yusufa a addu'a.