Masu Sayen Karan Dawa Sun Shigo Garinmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum.

Bayan girbin bana wasu samari sunka zo da mota, suna sayen karan dawa su yi gawayi da shi, wai don a daina saran itatuwa. Maƙwabcina ya sayar da nashi kakaf, gonar ta koma kamar an share tsakar gida.

To mu tun kakanni, kara na shanun Fulani ne. Su ci, su kwana gonar, su bar muna taki. Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Kai ɗan nan, tambaye su mi gonar za ta ci."

Na tambaya. Babbansu ya yi murmushi ya ce kada in damu, kamfaninsu na sayar da taki da damina.

Don Allah a tambayar muna masana. Wanda ya kwashe abincin gonata ya dawo yana sayar min da wani, ƙasa ya zo gyarawa ko aljihunsa?

Ina gaida Ardo. Ya koro shanu, karana na nan.